Aya, Tambaya da Umarni: Ire-iren Jimla a Nahawun Turanci da Alamomin da Ke Rufe Su



Gabatarwa

Wannan lacca ta shafi wani ɗan fanni ne na nahawun Turanci wanda akan koyar da shi tun a firamare, kuma saboda haka ne ma manya suke raina shi, watau ire-iren jimla da alamar da ake sawa a ƙarshen kowace. Alamomin uku ne tak: aya, da alamar tambaya, da alamar motsin rai. Amma Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ɗalibin da ya haddace sunayen alamomin ba tare da ya gane aikinsu ba, wata rana shi ne zai zama akawu ko sakatare, takardun jama'a su riƙa bi ta hannunsa.

An zaɓi a ɗauko misalai daga yankin Tsibiri, cikin ƙaramar hukumar Maradun, da maƙwabtanta na Bakura da Talata Mafara a Jihar Zamfara. Wannan yanki ne da noman rani ya haɗa manomi da ofis. Manomi yana magana da Hausa, fayil kuwa yana magana da Turanci, kuma a tsakaninsu akwai ɗan boko mai riƙe da alƙalami. Abin da laccar za ta nuna shi ne, alamar ƙarshen jimla tana bin ginin jimlar ne, amma nufin mai magana yakan sha bamban da ginin, don haka wajibi ne mai rubutu ya san duka biyun. Jimlolin Turancin da za a kawo duk an ƙirƙire su ne domin koyarwa.

Asalin alamomin

Ba a halicci rubutu tare da waɗannan alamomi ba. Girkawa da Rumawa na dā sukan jera haruffa ba tazara ba aya, sai mai karatu ya lalubo wa kansa inda zai tsaya. Wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masani mai suna Aristofanis, wanda ya riƙe babban ɗakin karatu na Iskandariya a Masar, ya ƙago ɗige-ɗige domin nuna gajeren tsayawa da dogo. Alamar tambaya ta fara bayyana a rubuce-rubucen Latin na ƙarshen ƙarni na 8, zamanin Sarki Sharlaman. Alamar motsin rai kuwa ita ce autarsu, sai a ƙarni na 14 ta fito a Italiya. Na'urar buga littattafai ce ta daidaita siffofinsu, musamman ma maɗaba'ar Aldus Manutiyus da ke birnin Banis a ƙarshen ƙarni na 15. Har yau ma ba kowane harshe ya bi hanya ɗaya ba. Tun 1754 hukumar harshen Sifaniyanci ta tsara a sa alamar tambaya juyayya a farkon jimla, a kuma sa wata a ƙarshe. Larabci yana juya fuskar alamar domin daga dama ake rubuta shi, kuma littafin da Ahmad Zaki Basha ya wallafa a Alƙahira cikin 1912 shi ne ya shimfiɗa ƙa'idar alamomin a rubutun Larabci na zamani.

A ƙasar Zamfara, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi shekaru yana wa'azi tun kafin jihadin 1804, an daɗe da sanin alƙalami da tawada. Sai dai almajiri ba a kan takarda yake samun tsayawa da tashin murya ba, a bakin malaminsa yake samu. Ko sunayen da Hausa ta raɗa wa alamomin boko daga makarantar allo suka fito. Ɗigon da ke rufe jimla an kira shi aya, kamar ayar Alƙur'ani, alamar ɗan tsayawa kuma an kira ta waƙafi, daga kalmar Larabci mai nufin tsayawa. Da boko ya kafu, musamman bayan fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin 1939, sai alamomin Turanci suka zauna daram a rubutun Hausa. Daga nan alama ta karɓi aikin da muryar malam take yi.

Jimlar bayani

Masana nahawun Turanci sun kasa jimla gida huɗu bisa ga gininta. Ta farko ita ce jimlar bayani, wadda ke ba da labari ko ta tabbatar da wani abu ko ta kore shi. Gininta shi ne aikau ya riga aikatau, kuma aya ce ke rufe ta: "The water has come." watau ruwa ya zo, "The water has not come." watau ruwa bai zo ba. Ita ce ta fi yawa a rahoto da wasiƙa da littafi.

Kurakurai biyu ne suka fi damun ɗalibin Bahaushe a nan. Na farko, ya jera cikakkun jimloli uku ko huɗu yana raba su da waƙafi kawai. Asalin wannan shi ne salon ba da labari na Hausa, inda "sai" da "kuma" ke ɗinke zance ya yi ta tafiya. Turanci bai yarda a haɗa cikakkun jimloli biyu da waƙafi shi kaɗai ba. Ko dai a sa aya, ko waƙafi mai ruwa, ko a kawo mahaɗi irin su "and" da "but". Na biyu, ya sa aya a bayan abin da bai kai jimla ba, kamar "Because the canal was blocked." Wannan ganga ce dogarau, tana jiran uwarta. Mai karatu zai ce, to, da hanyar ruwan ta toshe sai me ya faru?

Jimlar tambaya

A nan ne harsunan biyu suka fi rabuwa. Bahaushe ba ya juya kalmomi in zai yi tambayar da ake amsa ta da "i" ko "a'a". "Ruwa ya zo." da "Ruwa ya zo?" kalmominsu ɗaya ne, jerinsu ɗaya, murya ce kawai ta bambanta su, sai fa in an ƙara "shin" ko "ko" ko "kuwa". Saboda haka alamar tambaya ta fi ɗaukar nauyi a rubutun Hausa, domin in ta faɗi, tambayar ta ɓace ke nan gaba ɗaya. Turanci kuwa yana sauya gini. Yakan ɗauko mataimakin aikatau ya kai shi gaban aikau: "Has the water come?" In babu mataimaki a jimlar, sai a aro "do" ko "does" ko "did": "The water came." ta koma "Did the water come?" A lura cewa "did" ya ɗauke lokacin, shi ya sa "came" ya koma "come".

Tambaya iri huɗu ce a Turanci. Akwai ta "i" ko "a'a", wadda aka riga aka gani. Akwai mai farawa da kalmar tambaya, kamar "When did the water come?", ita ma da juyin kalmomi, sai dai in abin da ake tambaya shi ne aikau ɗin kansa, kamar "Who opened the gate?" Hausa ma tana da nata sauyin a nan, amma a lamirin lokaci yake: "Sun zo" ta koma "Yaushe suka zo?" Akwai tambayar zaɓi, kamar "Did he plant rice or wheat?" Sannan akwai 'yar wutsiyar tambaya da ake liƙa wa jimlar bayani: "The water has come, hasn't it?" Bahaushe yana da wutsiya ɗaya da ke shiga ko'ina, watau "ko ba haka ba?", don haka sai ya ɗauki "isn't it?" ya riƙa liƙa ta a kowace jimla. Ƙa'idar Turanci ita ce wutsiya ta maimaita mataimakin aikatau da wakilin sunan jimlar, kuma in jimlar tabbatarwa ce wutsiya ta zama korewa, in korewa ce ta zama tabbatarwa: "They paid him, didn't they?", "They didn't pay him, did they?"

Akwai wani rami a nan wanda ya kamata kowane tafinta da akawu ya sani. In an tambayi Bahaushe, "Ba a biya ka ba?", kuma hakika ba a biya shi ba, amsarsa ita ce, "I, ba a biya ni ba." Yana gaskata mai tambaya ne. Bature kuwa in an ce masa "Haven't you been paid?", amsarsa ba ta duban bakin mai tambaya, tana duban abin da ya auku ne: in ba a biya shi ba sai ya ce "No". To, a ƙaddara ana tantance manoma a gaban wani kwamiti, aka yi wa dattijo wannan tambaya, ya ce "I", tafinta ya ce "Yes", akawu ya rubuta. Takarda ta shaida an biya mutumin da bai ga ko kwabo ba, alhali ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Maganin wannan shi ne mai tambaya ya guji tambayar korewa, mai rubutu kuma ya rubuta amsa da cikakkiyar jimla.

Jimlar umarni

Ta uku ita ce jimlar umarni, wadda ta ƙunshi horo da hani da roƙo da shawara da gayyata. Gininta shi ne a fara da aikatau tsurarsa ba tare da an ambaci aikau ba, domin an san wanda ake magana da shi ne: "Open the gate." Hani kuma da "Do not" ko "Don't" yake farawa, kamar yadda Hausa ke farawa da "kada". Mutane da yawa sun ɗauka kowane umarni da alamar motsin rai ake rufe shi. Ba haka ba ne. Aya ce ƙa'idarsa, sai in akwai gaggawa ko tsawa, kamar wanda ya hango yaro zai faɗa babbar hanyar ruwa ya ce "Stop!" Sanarwar da ke cewa manoma su biya kuɗin ruwa kafin ƙarshen wata aya ta ishe ta. In aka jera mata alamomin motsin rai, sai ta zama kamar ofis ne ke yi wa talakawa tsawa.

Hausa tana da hanyar sassauta umarni da Turanci ba shi da irinta, watau "A buɗe ƙofa", inda ba a nuna kowa da yatsa ba. Turanci yakan sassauta nasa da "please" ko "kindly", ko kuma, kamar yadda za a gani, ya sa wa umarnin rigar tambaya.

Jimlar motsin rai

Ta huɗu ita ce jimlar motsin rai, mai nuna mamaki ko murna ko baƙin ciki. A tsantsar nahawu gininta yana farawa ne da "What" ko "How", kuma ba a juya aikau da aikatau: "How late the water came!" A gwada ta da "How late did the water come?" Ta farko kuka ne a kan makarar ruwa, ta biyu kuwa neman sanin lokaci ne. Alamar tana kuma bin kalmomin motsin rai, kamar yadda take bin "Kai!" da "Wayyo!" da "Kash!" a Hausa. Kalmar "ina" ma ta isa misali: "Ina?" neman wuri ne, "Ina!" kuwa cewa ne faufau ba zai yiwu ba.

Tsofaffin ma'aikata za su tuna cewa yawancin tafiretocin dā ba su da wannan alama a jikinsu. Sai mai bugu ya buga aya, ya koma da baya, ya ɗora ɗan karan da ke sama. Wahalar ta yi amfani, domin ba a sa ta sai da dalili. Ƙa'idar tana nan har yau da kwamfuta da wayar hannu suka sauƙaƙa bugunta: ba ta da gurbi a rahoto ko takardar koke, kuma alama ɗaya ce ke rufe jimla ɗaya, ba a tara biyu ko uku.

Inda gini da nufi suka saɓa

Da a ce kowane gini nufi ɗaya gare shi, da lacca ta ƙare a nan. Amma harshen ofis cike yake da jimlolin da suka ari rigar juna, kuma guda huɗu sun cancanci a tsaya a kansu.

Na farko, umarni cikin rigar tambaya. In babban sakatare ya rubuta wa na ƙasa da shi "Would you please forward the file", ba yana neman jin ra'ayinsa ba ne. Ginin na tambaya ne, nufin kuwa na umarni, shi ya sa a wasiƙun ofis akan rufe irin wannan da aya. Sabon ma'aikacin da ya amsa da "Yes" ya koma ya zauna bai gane saƙon ba.

Na biyu, umarni cikin rigar bayani. Dokoki ba su cika amfani da jimlar umarni ba. Jimlar bayani suke yi, su sa mata "shall" in abin wajibi ne, ko "may" in an bar wa hukuma zaɓi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma tanadi diyya a kan amfanin gona da gine-gine in an karɓe fili domin amfanin jama'a, da irin waɗannan jimloli aka rubuta ta. Haka nan takardar tuhuma da ake ba ma'aikaci: sunanta na Turanci yana nufin tambaya, amma yawanci umarni ne cewa ya yi bayani cikin ƙayyadadden lokaci, kuma da aya take ƙarewa.

Na uku, bayani cikin rigar tambaya, watau tambayar da ba ta neman amsa, kamar manomi ya ce wa zai shuka alkama ba ruwa. Alamar tambaya ce ke rufe ta tun da gininta ke nan, amma a takardar koke gara a faɗi maganar kai tsaye.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci, tambayar da aka ba da labarinta. Manomi ya ce, "When will the water come?" In akawu ya kawo maganar a rahoto sai ta koma "The farmer asked when the water would come." An fasa juyin kalmomi, lokaci ya ja baya, kuma aya ce ke rufewa, domin jimlar ta zama labari. Kuskure ne a sa mata alamar tambaya, kuskure ne kuma a rubuta "asked when would the water come". In kuwa ana son a kawo maganar kamar yadda ta fito daga baki, sai a sa ta cikin alamun zance, alamar tambaya tana daga ciki, ba a kuma ƙara aya a bayanta.

Darasin Bakolori

Wannan batu na ƙarshe ya wuce nahawu, kuma tarihin yankin ya nuna haka. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce kuma ke kula da ita. Tafkin ya tashi dubban mutane daga gidajensu da fadamunsu, aka kuma karɓi gonaki domin a daidaita su a haƙa hanyoyin ruwa, manoma suka rasa damina ba ɗaya ba. Rikici ya tashi a kan diyya da rabon gonaki, manoma suka tare hanyoyin aikin, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka musu. An yi asarar rayuka. Adadin da gwamnatin lokacin ta bayar bai kai kusa da ɗaruruwan da mutanen yankin da masu bincike suka ambata ba.

Ba wanda zai ce aya ko alamar tambaya ce ta jawo wannan. Sababinsa ƙasa ne da kuɗi da iko. Abin da ya shafi wannan lacca shi ne, manoman tambayoyi suke da su: yaushe za a biya, nawa za a biya, ina gonar da za a mayar. Da Hausa suka yi su, hukumar da za ta amsa kuwa da Turanci take aiki. Duk tambayar da za ta bi wannan hanya sai ta ratsa ta alƙalamin wani. Nahawu ya halatta masa ya mai da ita labari, ya rufe da aya. Amma jimlar da ta ce manoma sun tambaya yaushe za a biya su ba ta tilasta wa kowa komai. Shugaba yana iya karanta ta, ya sa hannu, a rufe fayil. Ma'aikacin ƙwarai in ya ba da labarin tambaya ba ya tsayawa nan. Yakan biyo ta da jimlar da ke neman hukunci, ya nuna wane ne ya kamata ya amsa, kuma zuwa yaushe. Sanin ire-iren jimla shi ne ke nuna masa cewa jimlar farko ta kai labari kawai, aikin yana ga ta biyu.

Har gobe ana noman shinkafa da alkama da kayan lambu da ruwan Bakolori a Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma har gobe akwai takardu a kan ruwa da taki da rance da gyaran hanyoyin ruwa. Waɗanda za su rubuta su suna cikin azuzuwa yanzu, a makarantun sakandaren yankin da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da jami'o'in ƙasar nan.

Kammalawa

A taƙaice, jimlar bayani aya ce ke rufe ta, haka ma jimlar umarni in ba tsawa ko gaggawa. Tambayar kai tsaye, har da mai wutsiya, tana ɗaukar alamar tambaya, amma wadda aka ba da labarinta aya take ɗauka. Alamar motsin rai ta jimlar motsin rai ce, kuma ba ta da wurin zama a takardar ofis. Ɗalibi yana bukatar wannan domin jarrabawa, tun da ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci. Ma'aikaci kuwa bukatarsa ta fi haka nauyi, domin kuskuren ɗalibi maki yake ci, na ma'aikaci kuwa yana iya cin haƙƙin wani.

Saboda haka shawarar da za a bar wa mai rubutu ita ce, kafin ya ɗiga alamar ƙarshe ya duba abu biyu. Ya duba yadda aka gina jimlar, domin shi ne zai nuna masa alamar da ta dace. Sannan ya duba abin da mai maganar yake nema, ya tabbata bai salwanta a hanya ba tsakanin bakin manomi da teburin shugaba. Allah Ya sa a amfana da abin da aka ji.